JIKIN MAI JEGO: ƘIBA, RAMA DA KUMBURI

Jama'a, wannan takarda ta mata ce masu jego, da mazansu, da iyaye mata da su ke kula da su. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa.

In mace ta haihu, jikinta ya kan sake. Wata ta kan yi ƙiba, cikinta ya saki, rigunanta su matse ta. Daga nan sai magana ta kasu biyu. Tsofaffi su ce, "Madalla, jego ya karɓe ta, a ƙara mata tuwo." Ƙawayenta kuwa su ce, "Kin lalace, ki rage ci, ga wani shayi da ke narkar da kitse." Ita mai jego ta rasa maganar wa za ta bi.

Amsar a taƙaice ita ce: yawancin ƙibar jego tanadi ne da jiki ya yi domin nono. A bar ta, za ta ragu a hankali. Amma akwai ƙibar da ta ke wuce kima ta zauna, akwai kuma kumburi wanda a ke ɗauka ƙiba ce, alhali kuwa cuta ce mai kisa. Lalle ne ko wane gida ya san bambancinsu.

INDA NAUYIN CIKI YA KE TAFIYA

Mace mai matsakaicin jiki, in tana da ciki kuma tana samun abinci sosai, nauyinta ya kan ƙaru da wajen kilo 12, wata har 16. Ga yadda nauyin ya ke rabuwa, bisa ƙiyasi:

Jariri, kilo 3 ko 3 da rabi.
Mabiyiya, rabin kilo ko fiye kaɗan.
Ruwan da jariri ya ke kwance a ciki, wajen kilo 1.
Mahaifa da ta girma, wajen kilo 1.
Ƙarin jini, wajen kilo 1 da rabi.
Nonuwa da su ka cika, wajen rabin kilo.
Kitsen da jiki ya ajiye, kilo 3 ko 4.
Sauran kuwa ruwa ne a cikin jiki.

Ranar haihuwa kaɗai mace ta kan sauke kilo 5 ko 6, watau jariri da mabiyiya da ruwa da jini. A cikin makon farko ruwan da ya rage ya kan fita ta fitsari da gumi. Mahaifa kuwa tana tsukewa kullum, sai bayan mako 6 ta ke komawa kusan yadda ta ke a da. Kun ga ashe kwana arba'in da iyaye su ka ware wa mai jego ya yi daidai da aikin jiki.

Abin da ya ke saura shi ne kitsen nan na kilo 3 ko 4, a cinyoyi da ƙugu da ciki. Wannan kitse kamar rumbu ne. Manomi ya kan cika rumbu da kaka domin ya ci da bazara. Haka jikin mace ya ke ajiye kitse lokacin ciki domin ya ciyar da jariri bayan haihuwa. Mai shayarwa ta kan yi nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita ko wace rana. Daga abincinta da wannan rumbu a ke yin sa.

Yawancin mata su kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda kafin jikinsu ya koma kusa da yadda ya ke. Wata ba ta komawa sarai, kilo 1 ko 2 su kan zauna mata. Wannan ba cuta ba ce. Ƙugu ya kan ɗan buɗe, fatar ciki ta kan yi zane-zane, nonuwa su kan sake siffa. Alamun haihuwa ke nan, babu abin kunya a cikinsu.

KWANA ARBA'IN NA FARKO

A cikin waɗannan kwanaki kada mai jego ta yi zancen rage ƙiba ko kaɗan. Ta zubar da jini, jikinta yana warkewa, nono yana zuwa. Aikinta uku ne: ta ci, ta huta, ta shayar.

Ta riƙa tashi tana ɗan zagayawa a tsakar gida tun daga ranar farko, in babu wata matsala. Kwanciya wuri ɗaya yini guda tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wannan kuwa yana da haɗari. Amma a ɗauke mata daka da surfe da jan guga da ɗaukar tulu. Wadda a ka yi wa aiki a ka ciro jariri, ta bi abin da likita ya gaya mata, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi sai an ba ta izini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: a ranar haihuwa, da rana ta 3, da tsakanin kwana 7 da 14, da kuma bayan mako 6. Ko a gida ta haihu, a kai ta. A can za a auna jininta da nauyinta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Ta sha ƙwayar har ta ƙare, ba ta sa ƙiba.

Game da ɗaure ciki da zane: in mace tana jin daɗinsa, babu laifi, muddin bai matse ta har ya hana ta numfashi sosai ba. Amma ku sani ɗauri ba ya narkar da kitse. Naman ciki ne ya miƙe wata tara, sannu a hankali ya ke tsukewa.

Game da wankan jego: tsabta abu ne mai kyau, ruwan ɗumi kuma yana sa jiki ya saki. Amma ruwan da ya ke ƙona fata ba ya ƙara lafiya, ba ya kuma rage teɓa. A surka shi yadda mai wanka za ta iya sa gwiwar hannunta a ciki ta daɗe.

ABINCIN MAI SHAYARWA

Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci kamar na ci ɗaya a yini, bisa abin da ta saba. Ba sai an yi mata ɗura ba. Abin lura shi ne irin abincin, domin tuwo tsura ba ya gina jini. Ko wace rana a yi ƙoƙari ta samu wani abu daga waɗannan huɗu:

1. Mai ba da ƙarfi: tuwon dawa ko gero ko masara, shinkafa, fura, kunu, dankali.
2. Mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, ƙwai, kifi, nama, hanta, nono.
3. Ganye: zogale, alayyafo, yakuwa, kuka, kuɓewa, kabewa.
4. 'Ya'yan itace: mangwaro, gwanda, goba, lemo, kankana, da abin da lokaci ya kawo.

Ta sha ruwa mai tsabta duk sa'ad da ta ji ƙishi, ta ajiye moɗa kusa da ita lokacin shayarwa. Jariri kuwa nono zalla za a ba shi har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu. Bayan wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. Shayarwa da kanta tana cin kitsen jego, ko da ya ke wata ta fi wata saurin raguwa.

Mace da ta hana kanta abinci domin ta rame, ita ce ta ke fara shan wahala. Jikinta zai ci gaba da yin nono daga namanta da jininta, sai jiri da kasala su kama ta. In yunwar ta yi tsanani, nonon ma ya ragu.

ƘIBA DABAM, KUMBURI DABAM

Wannan shi ne babin da ya fi muhimmanci, a karanta shi sau biyu.

Ƙiba a hankali ta ke zuwa, cikin watanni. Mai ƙiba tana cin abinci, tana barci, tana aikinta. Kumburi kuwa ruwa ne ya ke taruwa a jiki, cikin 'yan kwanaki ko makonni. Ya kan fara daga idon sawu, ya hau ƙafa, ya kai ciki da fuska. Zobe ya matse, takalmi ya ƙi shiga.

Ga yadda za ku gane. A sa babban yatsa a danna ƙwauri, a ƙirga goma, a ɗauke. In ƙiba ce, wurin zai koma nan da nan. In kumburi ne, wurin zai lotsa ya bar rami, kamar an danna tuwo.

Ɗan kumburin ƙafa a makon farko na haihuwa ya kan faru, ya kan kuma sauka da kansa. Amma in yana ƙaruwa, ko ya zo bayan mako guda, ko ya haɗu da ɗaya daga waɗannan alamu, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne:

1. Haki bayan ɗan aiki kaɗan, ko tana zaune.
2. Ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ko ta farka da dare numfashi ya sarƙe.
3. Tari da dare.
4. Zuciya tana bugawa da sauri.
5. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga.
6. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi.

Akwai ciwon zuciya da ya ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa wajen wata 5 bayan haihuwa. Zuciya ta kan yi rauni ta kasa tura jini, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi bincike a kansa tun shekarun 1970. Wani binciken da a ka yi a asibitocin Nijeriya, a ka buga a 2020, ya nuna matan da su ke ramammu da waɗanda su ka yi hawan jini lokacin ciki suna cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa. Yana da magani, mata da yawa su kan warke in an kai su da wuri. Abin da ke kashewa shi ne jinkiri, sa'ad da mutanen gida su ke cewa, "Ai ƙibar jego ce," ko "Sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta."

KANWA DA GISHIRI

Kanwa 'yar uwar gishiri ce. Abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, yana cikin kanwa. In mace tana shan kunun kanwa mai kauri safe da yamma har kwana arba'in, ga gishiri a miya, ga dunƙulen ɗanɗano biyu ko uku a tukunya, jikinta zai riƙe ruwa, jininta ya hau, zuciyarta ta ƙara wahala. Ba kanwa ce ke kawo nono ba. Tsotson jariri ne ke kawo shi, da abinci da ruwa da kwanciyar rai.

A dama mata kunun gero ko na gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwar. Gishirin da babban mutum ya ke bukata a yini guda bai kai cokalin shayi ɗaya ba, watau giram 5, har da wanda ke cikin dunƙule. Wadda a ka taɓa gaya wa tana da hawan jini, ko ƙafarta ta kumbura, kada kanwa ta shiga bakinta.

RAMAR DA BA TA LAFIYA

A ƙauyuka da yawa rama ta fi ƙiba damun masu jego, musamman da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aikin gona. In mai shayarwa tana zubewa, ƙasusuwan wuyanta sun fito, kada a yi mata barka da komawa budurwa. A duba cikin fatar idonta da tafin hannunta. In sun yi fari, jini ne ya yi ƙaranci. In tana tari fiye da mako 2, da zazzaɓi da gumin dare, a kai ta a gwada majinarta domin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Akwai kuma wadda baƙin ciki ya ke rufewa bayan haihuwa. Ta daina ci, ko ta riƙa ci ba ƙoshi, ta yi ta kuka, ta kasa barci, ta ji ba ta son kome. In ya wuce mako 2, ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani. A kai ta, kada a yi mata faɗa.

SA'AD DA ƘIBA TA KE ZAMA CUTA

Wata mace ta kan riƙe kilo 4 ko 5 bayan haihuwar fari. Kafin ta sauke su, wani ciki ya shiga, ta ƙara wasu. Zuwa haihuwa ta biyar ta ɗauki kayan da gwiwoyinta ba su iyawa. Irin wannan ƙiba tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa da na baya, tana kuma sa haihuwa ta gaba ta yi wuya.

Bayan jariri ya kai wata 6 ko fiye, mace ta ari tef ɗin awo na tela, ta auna cikinta daidai cibiya, tana tsaye, ba ta tsuke ciki ba. In ya wuce inci 35, watau santimita 88, ta je a auna jininta, a gwada sukarinta. Wadda a ka gaya wa tana da sukari lokacin ciki, a sake gwada ta wajen mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, ko tana da ƙiba ko babu.

YADDA A KE RAGE ƘIBA LAFIYA

In ma'aikacin lafiya ya ce nauyi ya yi yawa, ga hanya. A fara bayan arba'in, sa'ad da nono ya kankama.

1. Kada ta tsallake ci. Ta ci sau uku, ta rage malmalar tuwo, ta ƙara miya da ganye da wake.
2. Ta rage sukari a shayi da koko da fura. Ta bar lemon kwalba, domin kwalba guda ta kan ɗauki sukari wajen cokalin shayi 8.
3. Ta rage soye-soye, ta rage man da a ke tsiyaya wa abinci.
4. Ta yi tafiya da sauri rabin sa'a, kwana 5 a mako. Wadda ba ta fita, ta zagaya tsakar gida da goyonta. Shara da daka da jan ruwa duk motsa jiki ne.
5. Ta yi barci sa'ad da jariri ya yi barci. Rashin barci yana ƙara kwaɗayin zaƙi.
6. Ta ba da tazara. Shekara 2 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita da maigida su je asibiti a nuna musu hanyoyin da ke akwai.

Rabin kilo a mako ya isa, ba ya taɓa nono. Wadda ta sauke kilo 2 a wata ta yi ƙoƙari ƙwarai. Sannu ba ta hana zuwa.

MAGUNGUNAN KASUWA

'Yan talla suna yawo da shayi da gari da ƙwayoyi, suna cewa na rage teɓa ne. Da yawansu maganin zawo ne ko na fitsari. Ruwan jiki su ke fitarwa, mace ta ga ta yi sauƙi kwana biyu, ta sha ruwa nauyin ya komo. Wasu kuma su kan bi ta nono su shiga cikin jariri. Mai shayarwa kada ta sha ko ɗaya.

Haka kuma ƙwayoyin ƙiba da a ke kira "sha ka fashe". A cikinsu akwai magunguna masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, domin wasu cututtuka dabam. Su kan kumbura fuska, su tara kitse a ciki da wuya, su kawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shansu kada ta bari farat ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ta ɗauki ƙwayar ta kai wa likita, ya nuna mata yadda za ta janye.

MAGANA GA MAIGIDA DA IYAYE MATA

Maigida, jikin nan da ya sake, ɗanka ne ya sake shi. Kalma ɗaya ta gori daga bakinka ta isa ta sa matarka ta bar abinci ko ta nemi ƙwayar kasuwa. In kana son lafiyarta, ka kawo wake da kifi da ganye, ka ba da kuɗin mota ranar awo. Ka bar izini tun yanzu, cewa in alamar haɗari ta zo ba ka gida, a wuce da ita asibiti ba sai an jira ka ba.

Iyaye mata da ungozoma, ku ne masu riƙe da jego. Hutu da kulawar da ku ke ba mai haihuwa abin yabo ne, ku ci gaba. Abu uku a ke roƙonku: ku surka ruwa, ku bar kanwa, ku riƙa danna ƙwaurinta ko wace safiya. Kada kuma ku tilasta mata ci bayan ta ƙoshi.

TAMBAYOYIN DA MATA SU KAN YI

Ko mace mai ƙiba ta fi siririya nono? A'a. Siririya mai lafiya da ke cin abinci sosai tana da nonon da zai ishi ɗanta. Girman nono ma ba shi ne yawan ruwansa ba.

Ko allurar tazarar haihuwa tana sa ƙiba? Ta wata uku ta kan ƙara wa wasu mata nauyi. In ta dame ki, ki gaya wa malamar asibiti ta sake miki wata hanya.

Ko in yi azumin nafila domin in rame? Mai shayar da ƙaramin jariri kada ta mai da azumi maganin ƙiba. Ko a watan Ramalana shari'a ta yi sauƙi ga mai shayarwa da ke tsoron cutuwa, ita ko ɗanta. Ki tambayi malami hukuncin, ki tambayi asibiti halin jikinki.

ABIN TUNAWA

Ƙibar jego tanadin nono ce, a ba ta wata 6 zuwa shekara.
Kafin arba'in babu zancen rage ci.
Ƙafar da ta lotsa, tare da haki, asibiti a ranar.
Rama mai sauri ma cuta ce.
Ba kanwa, ba shayin rage teɓa, ba ƙwayar ƙiba.
In ciki ya wuce inci 35 bayan wata 6, a auna jini da sukari.

Wanda ya ji wannan ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya raya abin da a ka haifa, ya ba uwa lafiyar shayarwa. Amin.